Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gina Babban Kejin Tsuntsaye a Gidan Haya a Legas

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Agege a gidan haya, kuma ina kiwon kanari guda shida da ƙananan akun nan masu kore da rawaya da ake kira baji guda takwas, sai wasu ƙananan aku da ake kira lobbad guda biyu da na saya kwanan baya. Kejinan kasuwa sun yi musu kaɗan, kuma tun damina ɗaya suke cin tsatsa. Akwai fili a bayan ɗakina mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 5, ina so in sa kafinta ya yi mini babban keji wanda mutum zai iya shiga ciki. Wani abokina ya ce in sayi wayar akurkin kaji in shafa wa katakon baƙin mai saboda gara. Shin hakan ya yi, kuma me ya kamata in kula da shi? Daga wani mai karatu, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Filin da ka ambata ya isa sarai, amma shawarwarin abokinka guda biyu kada ka ɗauki ko ɗaya, kuma zan zo kan dalili. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka fara neman izinin mai gida, sannan ka gaya wa mai aikin cewa kejin da za a iya kwancewa kake so. A yi kowane bango a matsayin firam mai zaman kansa, a haɗa su da noti maimakon walda ko ƙusa, domin ɗan haya a Legas bai san ranar da takardar tashi za ta iso shi ba, kuma ba ƙaramar asara ba ce mutum ya bar kejinsa ga wanda zai gaje ɗakin.

Game da girma, tsawo a kwance ya fi tsayi zuwa sama amfani, saboda waɗannan tsuntsaye daga gefe zuwa gefe suke tashi. Ina ba ka shawarar tsawon ƙafa 10, faɗin ƙafa 4, da tsayin ƙafa 7 domin ka iya tsayawa a ciki ba tare da sunkuyo ba. Ƙafa 2 da suka rage daga tsawon filin ka yi ɗan zaure da su mai ƙofa biyu, ta yadda za ka shiga ta farko ka rufe ta kafin ka buɗe ta biyu. Mutane da yawa suna ganin wannan zaure ɓarnar waya ce, sai ranar da baji ya bi ta saman kafaɗarsu ya fice, kuma tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a keji ba ya daɗewa a waje tsakanin hankaki da shaho da kyanwa.

Waya ita ce wurin da ya kamata ka fi kashe kuɗi. Wayar akurki mai ido shida siririya ce, lobbad yana iya tsinka ta da baki, ɓera ma yana huda ta, kuma a damshin Legas ba ta jimawa take ruɓewa. Abin da za ka nema shi ne wayar raga mai ido murabba'i wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, kuma faɗin idon kada ya wuce rabin inci, wato kusan santimita 1.3. Idan ya fi haka, ƙaramin tsuntsu yana cusa kansa ya maƙale. Kaurin waya da lamba ake auna shi, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri: lamba 19 ta ishi kanari da baji, amma ɓangaren lobbad ya fi son lamba 16. Idan kana da hali, ka yi raga biyu a bangon da ke fuskantar tsakar gida, da tazarar inci biyu a tsakaninsu, domin kyanwa tana kama ƙafar tsuntsun da ya kwana a manne da waya.

Akwai wani haɗari a sabuwar waya da masu sayarwa ba sa faɗa. Mafi yawan wayar raga an lulluɓe ta da sinadarin zinki domin hana tsatsa, kuma tsuntsayen dangin aku, irin su baji da lobbad, da baki suke hawa, suna lasa suna ɓantarar ƙananan dunƙulen da ke mahaɗar wayar. Zinki guba ne a jikinsu, alamunsa kuwa su ne kasala, amai, yawan shan ruwa, ramewa, wani lokaci har da farfaɗiya. Saboda haka kafin a kafa wayar, a goge ta da burushin ƙarfe har dunƙulen su zube, a wanke ta da ruwan khal, a ɗauraye sosai, sannan a bar ta a waje ruwan sama da rana su dake ta na wasu makonni kafin tsuntsu ya shiga. Wannan yana rage haɗarin ƙwarai ko da bai kawar da shi gaba ɗaya ba. Wayar ƙarfen da ba ya tsatsa ita ce mafi aminci, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu, ko da yake ga mazauna kusa da teku kamar Obalende ko Ajah, inda iskar gishiri ke cin ƙarfe da sauri, ita ce mai arha idan aka yi lissafin shekaru.

Baƙin mai kuwa kada ya kusanci kejin, haka ma magungunan gara da ake shafa wa katakon rufi, domin baji da lobbad suna gwaguyar katako kullum, kuma duk abin da ke jikinsa cikinsu zai tafi. Ni a ganina firam na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ko na alminiyam ya fi dacewa da Legas, kuma masu walda suna samun irin wannan ƙarfe a kasuwanni kamar Owode Onirin. A yi masa fentin da babu dalma a cikinsa, a bar shi ya bushe har warin ya ɓace. Idan katako ka zaɓa saboda sauƙin kuɗi, ka nemi busasshe mai tauri a kasuwar katako irin ta Amu da ke Mushin, ka ɗora shi a kan bulo kada ya taɓa ƙasa, sannan a buga wayar ta ciki domin ta shiga tsakanin bakin tsuntsu da katakon.

Ƙasan kejin a yi masa daɓen siminti, a ɗaga shi kamar inci shida zuwa takwas sama da tsakar gida saboda ambaliyar watan Yuni da Yuli, a kuma karkatar da shi kaɗan zuwa wata kafa da ruwan wanki zai bi ya fita. Kafar ma a toshe ta da raga, domin ta nan ɓera da maciji suke shigowa. Ƙasa zalla ba ta dace ba, gafiya tana haƙa rami ta ɓullo a ciki, kuma tsabar da ta zube a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana yin fumfuna, wanda ke jawo wa tsuntsu ciwon huhu mai wuyar magani. Wannan damshi shi ne babban bambancin kiwo a Legas da kiwo a Kano ko Katsina, inda busasshiyar iska take yafe wa mai kiwo sakaci da yawa. Don haka gero da sauran tsaba a ajiye su a mazubi mai murfi, a riƙa sayen kaɗan kaɗan, kuma duk wanda ya fara wari ko dunƙulewa a zubar da shi.

Iskar damina a Legas daga kudu maso yamma take kaɗowa, saboda haka wannan gefen da bayan kejin a rufe su, a bar gaba a buɗe ga hantsi idan filin ya ba da dama. A rufe kamar kashi biyu cikin uku na saman da kwano, a sa silin na katako a ƙarƙashinsa saboda zafi da ƙarar ruwa, sauran kuma a bar shi raga domin tsuntsaye su sha rana su yi wankan yayyafi. Kwanukan abinci da ruwa a ƙarƙashin rufin za su zauna, inda kashin tsuntsayen waje ba zai faɗa musu ba. Tunda kana da kanari, ka ƙara ragar sauro ta waje, domin sauro yana ɗaukar cutar agana ta tsuntsaye, kuma tana yi wa kanari mummunan kisa.

Ka duba inda janaretan gidanku da na maƙwabta suke kafin ka tsayar da wuri. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar guba, hayaƙin da mutum zai ji ɗan ciwon kai kawai yana iya kashe keji guda a dare ɗaya. Haka maganin sauro mai hayaƙi da na feshi.

Abu na ƙarshe shi ne kada ka zuba su duka wuri ɗaya. Lobbad, duk da ƙanƙantarsa, mafaɗaci ne, kuma an san shi da cizon yatsun ƙananan tsuntsaye har ya guntule su. Ka raba kejin gida biyu da raga mai ninki biyu, lobbad su ɗauki ƙafa 3, sauran su ɗauki ƙafa 7. Kanari da baji suna iya zama tare idan wuri ya wadata kuma kwanukan abinci sun fi ɗaya, amma da zarar ka ga baji suna tsangwamar kanari ko lokacin ƙwai ya zo, ka raba su. Sandunan sauka a yi su da rassan gwaiba masu kauri daban daban, a kafa su a ƙarshen kejin biyu, a bar tsakiya fili domin tashi. Duk sabon tsuntsun da ka saya ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shiga cikin sauran, kuma idan za ka share kashi ka yayyafa masa ruwa tukuna, domin ƙurarsa tana iya ɗauke da cutar da ke kama mutum da zazzaɓi da tari.

Tambaya: Malam, ina da aku mai toka da jan wutsiya wanda ya shekara da yawa a hannuna. Ina so a yi masa babban keji a barandar da ke jikin kicin, kuma in saya masa abokin zama. Wace waya ta dace? Daga wata mai karatu, Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, aku yana buƙatar waya mai kauri, lamba 12 ko abin da ya yi kusa da ita, mai ido kamar inci ɗaya, da sakata wadda ba zai iya buɗewa ba, domin yana koyon zare sakata da baki, gara a sa ƙaramin kwaɗo. Amma barandar kicin ba wurinsa ba ce. Tukwane da kaskon suya na zamani waɗanda abinci ba ya kamawa a jikinsu, idan suka yi zafi fiye da kima suna fitar da hayaƙin da ido ba ya gani, kuma yana kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Ga kuma yara da za su riƙa miƙa masa abin da ke hannunsu, alhali fiya da cakulan da abinci mai gishiri duk suna cutar da shi. Ki nema masa wuri kusa da inda iyali ke zama, saboda aku da aka bari shi kaɗai yana fara fige gashin jikinsa.

Batun sayen na biyu kuwa, ki yi hattara. A taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Johannesburg a 2016 an mayar da wannan aku cikin rukunin farko, wanda ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe tun daga farkon 2017, saboda kamu ya rage yawansu ƙwarai a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Idan mai sayarwa bai iya nuna miki cewa a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe tsuntsun ba, ki bar masa abinsa. Ko an samu na halal ɗin, ba lallai su shirya ba, don haka a fara ajiye su a keji biyu kusa da juna na wasu makonni, a ga yadda za su karɓi juna kafin a haɗa su.