Taswirar ofis ba ta zama a laftof ɗin mutum ɗaya

Salamu alaikum ɗana, ya aiki, ya mutanen gida, ya kuke fama da zafin Garwa. Saƙonka ya iso, na bari sai da na samu natsuwa don wannan ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce.

In na fahimce ka daidai, taswirar rumfunan kasuwa da ta rijiyoyin burtsatse da ka yi wa meri, wato ofishin magajin gari, da manhajar taswira ta QGIS duk suna cikin laftof ɗinka, yanzu sakatare janar ya ce a maida komai kan sarvar ofis, babbar kwamfutar da kowa ke haɗuwa a kanta, a hannun 'yan enfomatik masu kula da kwamfutoci, su kuma sun ce ba su san kan SIG ba, wato aikin taswira da bayananta a kwamfuta, ka kawo fayil kawai su zuba a wani folda. Kana tambaya ko ka ce a sayi ArcGIS na sarva, manhajar taswira ta kuɗi, ko ka ɗan ja ƙafa tukuna, kuma na ji a maganarka kamar akwai tsoron kada aikin ya fita daga hannunka.

Toh ka saurara. Kada ka ja ƙafa, ka karɓi maganar nan hannu bibbiyu, amma kada ka ce a sayi komai yanzu, kuma kada ka yarda da zancen zuba fayil a folda.

Akwai wani ofis a nan Arewa, ba zan kama suna ba, an kira ni in duba musu taswirar rijiyoyi bayan mai aikin SIG ɗinsu ya samu wani aiki ya wuce Njamena da laftof ɗinsa. Abin da na tarar a kilen USB guda da suka ba ni: foraj_final, foraj_final2, foraj_final_bon, da wani da aka turo ta WhatsApp wanda babu .prj ɗinsa, ɗan fayil ɗin da ke faɗin tsarin awon taswirar. Kowane fayil da adadin rijiyoyinsa daban, babu wanda zai iya rantsewa wanne ne na gaskiya, kuma kuɗin aikin fili na shekaru ne aka kashe a kai. Mutumin ba mugu ba ne, babu abin da ya sata, kawai ofishin ne bai taɓa mallakar bayanansa ba. In ka zuba fayil a foldar sarva haka ɗin za a koma, kowa ya kwafa ya gyara nasa, kamar gidan da kowane ɗaki da randarsa, ba a san wadda aka cika yau da wadda ta kwana uku ba. Abin da ake so rijiya ɗaya kowa ya ɗiba, wato rumbun bayanai guda wanda kai da su da ofishin kuɗi duk kuke kallon abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Aikin farko ba na kwamfuta ba ne, ka je ka zauna da 'yan enfomatik ɗin, ka girmama su, kada ka shiga musu da manyan kalmomi na taswira. Ka tambaye su wane rumbun bayanai suke da shi, wa ke kula da shi, a ina jerin masu hayar rumfuna yake, a manhajar kuɗi ne ko a Excel ɗin wani akawu. In suna da SQL Server ko Oracle kuma sun iya shi, ka sani duka biyun suna ɗaukar ɗigo da layi da fili, QGIS kuma yana karanta su kai tsaye, sai ka bi abin da suka saba da shi don su ne za su tashe shi ranar da ya faɗi. In babu komai, toh rumbun PostgreSQL da PostGIS a kansa, ƙarin da ke sa shi riƙe taswira, kyauta ne, PostGIS tun 2001 yake aiki kuma manyan hukumomi a duniya suna tafiya a kansa. Ka faɗa musu gaskiya yadda za su gane: taswira tebur ne kamar kowane tebur, kawai akwai shafi guda da ke riƙe da wurin da abin yake. Wallahi da sun ji haka za ka ga jikinsu ya saki, don tebur kam sun san shi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, don nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. Lamba. Kowace rumfa da kowace rijiya dole ta kasance da lamba ɗaya wadda ba ta canzawa, kuma lambar nan ce a taswirarka, ita ce a littafin mai karɓar haraji, ita ce aka rubuta da fenti a jikin ƙofar rumfar. Kada ka taɓa haɗa tebur biyu da suna. Kai ma ka sani, unguwa ɗaya wani zai rubuta Djamboutou, wani Jamboutou, wani Jambutu, Roumdé Adjia wani ya sa alamar kan é wani ya bari, mai rumfa yau Alhaji wane gobe ya rasu ɗansa ya gada, kwamfuta ba ta san duk abu ɗaya ba ne. In ofishin kuɗi yana da lambobinsa tun da, ka ɗauki nasa, kada ka ƙirƙiro naka don ka ga sun fi kyau, ko da nasa ba su da tsari, gara ku zauna ku gyara tare. Za ka tarar da rumfa biyu masu lamba ɗaya, za ka tarar da lamba a littafi wadda babu rumfarta a ƙasa, da rumfa a ƙasa wadda ba ta cikin littafi, wannan fa aikin ƙafa ne, kai da mai karɓar haraji layi layi cikin kasuwa, kuma shi ne zai fi cin lokaci fiye da duk saita sarva. Ka yi haƙuri da shi.

Bayan lamba sai a san wa ke da me. Wurin da rumfa take da girmanta naka ne, kai kaɗai ke gyarawa. Wa ya biya wa bai biya ba na ofishin kuɗi ne, kada ka kwafo shi cikin teburinka, don ranar da ka kwafa daga ranar ya fara tsufa, wata biyu dirakta zai ga taswira ta nuna ja a kan mutumin da ya biya jiya, daga nan ba wanda zai ƙara yarda da taswirarka. Ka bari 'yan enfomatik su haɗa tebur biyun ta lambar nan, PostgreSQL yana iya leƙa wani rumbun daban ya karanto ba tare da ya kwafa ba, in kuma Excel ne sai a sa ranar da ake shigo da shi, a rubuta ranar a ƙasan taswira kowa ya gani.

Shapefile kuwa, irin fayil ɗin taswira da aka saba da shi, ka sallame shi daga aikin yau da kullum. Tsohon abu ne tun farkon shekarun 1990, fayil ɗaya a ido amma a gaskiya .shp da .shx da .dbf ne dole sai sun tafi tare, sunan shafi ba ya wuce harafi 10 sai ya yanke, girma ba ya wuce giga 2, kuma in ba a kula ba haruffan Faransanci masu alama sai su fito a dagule, balle namu ɗ da ƙ. Lokacin shigar da su ka tabbata komai UTF-8 ne, tsarin rubutun da ke riƙe irin haruffan nan. Don aikin fili inda babu rezo, wato netwok, ka yi amfani da GeoPackage, fayil ɗaya ne, manhajar QField a waya tana aiki da shi, yara su dawo da yamma a zuba. Amma mutum ɗaya ya riƙa dubawa kafin a shigar cikin rumbun, ba kowa ya dawo daga daji ya tura ba.

Sai maganar tsarin awo, wato yadda ake ba kowane wuri lambobinsa a taswira, wannan 'yan enfomatik ba za su taɓa kama maka kuskurensa ba, naka ne kai kaɗai. Garwa, Marwa, Gaundare, Kusiri har Njamena duk muna cikin shiyya ta 33 ta arewa a tsarin UTM, a kan WGS 84, ma'aunin da GPS ke amfani da shi, lambarsa a QGIS 32633. Yawunde da Duwala suna 32, shi ya sa fayil ɗin da ya fito daga can sai ka duba shi da kyau. Ka gwada da kanka ka gani: ka ɗauki ɗigon rijiyoyin Garwa ka ce wa QGIS na 32 ne, za su tashi digiri 6 zuwa yamma, kusan kilomita 660, su sauka kusa da Abuja. Wannan ma da sauƙi don ido yana gani. Wanda ya fi haɗari shi ne tsofaffin taswiru na zamanin Faransa da wasu tsofaffin takardun kadastir, wato na ofishin filaye, da aka auna a kan tsohon ma'auni na Clarke 1880, su ba sa tafiya Najeriya, ɗan gusawa kawai suke yi, wani lokaci fiye da mita 100, sai ka ga fili ya hau kan titi ko ya shiga gidan maƙwabci, kuma ka san rigimar fili a garin nan ba wasa ba ce. Ku zaɓi tsari ɗaya na ofis, a kulle shi a rumbun yadda zai ƙi karɓar wani daban. Kuma kowane tebur ka rubuta masa 'yan layuka, wa ya auna, yaushe, da GPS na hannu ne ko na waya ko daga hoton tauraron ɗan adam aka zana, don wanda zai zo bayanka ya san iya inda zai dogara da shi.

Kalmar sirri kowa da tasa. Na san a ofisoshinmu an saba da guda ɗaya a manne a jikin allon kwamfuta, kada ka yarda da wannan ko da za a ce ka cika tsanani. Masu kallo kawai daban, masu gyara daban, kai kanka kada ka yi aikin yau da kullum da asusun da ke iya goge komai. Teburin nan yana ɗauke da sunayen mutane da lambar wayarsu da bashin da ake bin su, ga kuma taswira ta nuna ƙofar mutum, amana ce, kuma Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a watan Disamba 2024. Ƙofar PostgreSQL 5432 ce, ka gaya musu su buɗe ta a cikin rezon ofis kaɗai, kada a bar ta a buɗe ga intanet, wanda yake waje ya shigo ta VPN, wato hanyar shiga mai tsaro.

Dirakta da sauran shugabannin sashe ba sa bukatar QGIS, kada ka wahalar da kanka sa musu. GeoServer ko QGIS Server ya fitar da taswirar, su buɗe a burauza kamar kowane shafi. Wannan sai daga baya.

Abin da ya fi damuna da wurinmu shi ne ɗakin da sarvar za ta zauna. Watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, wuta kuma ka san halinta. Ka je ka ga ɗakin da idonka, akwai sanyi, akwai ondilar mai batir lafiyayye wanda zai riƙe har a kashe na'ura cikin tsari, don rumbun bayanai ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Kada a ajiye ta a ƙasa, wanda ya ga yadda Binuwai ya cika a 2012 ko abin da ruwa ya yi wa Kusiri da Njamena a 2022 ba sai an yi masa bayani ba. Kwafin ajiya kowane dare da pg_dump, kayan aikin PostgreSQL na yin kwafi, kuma kwafi ɗaya ya kwana a wani gini daban. Dan Allah ka sa su gwada dawo da shi a wata kwamfuta a gabanka, ka buɗe da QGIS ka ƙirga rijiyoyin, don kwafi da yawa ana yin su kullum ba a taɓa buɗewa ba sai ranar bukata a tarar fanko ne. Ka kuma gaya musu tun yanzu hotunan sama suna da nauyi, na jirgi maras matuƙi kan ci giga da yawa, su zauna a matsayin fayil a faifai, ba cikin rumbun ba, kada wata rana su ga faifai ya cika su ce SIG ne ya kashe musu sarva.

ArcGIS abu ne mai kyau, kamfanin Esri ya daɗe a harkar tun 1969, ban raina shi ba. Amma lasisinsa na sarva kuɗi ne mai yawa kuma ana sabuntawa, meri da ke fama da albashi ba za ta jure ba, ranar da aikin da ya biya ya ƙare sai a tsaya. Kuma ko an saya ba zai gyara maka lambobin rumfa ba. In akwai kuɗi a kashe su a kan batir da faifai na biyu da horar da mutum ɗaya cikin 'yan enfomatik ɗin.

Tsoron da kake ji kuwa na gane shi, amma ka cire shi. Su za su riƙe na'ura da wuta da kwafi, kai ka huta da wannan. Sanin ko ɗigo yana inda ya kamata, ko fili ya hau wani, ko wace unguwa ce ta fi nisa da ruwa, babu mai yi sai kai, kuma ranar da ofishin kuɗi ya fara buɗe taswirarka kowace safiya za a fi nemanka fiye da yanzu.

Ka fara da rijiyoyi kaɗai, sun fi sauƙi kuma babu rigimar kuɗi a cikinsu, in sun zauna wata guda lafiya sai a shigo da kasuwa. Kafin nan ka turo min jerin shafukan teburin rijiyoyin da na littafin mai karɓar haraji, sunayen shafukan kawai ba bayanan mutane ba, in duba maka inda za su haɗu. Ka gaida mahaifinka.