Amsa game da illar omo ga ɓerayen gwaji

Malama, kin tambaya ko gaskiya ne omo yana lalata hantar ɓerayen da ake gwaji a kansu, kuma ko hakan na nufin ɗanki da ya lashi kumfar wanki yana cikin haɗari.

Sinadarin da ke kawo kumfa a yawancin garin sabulun wanki shi ne wanda masana ke kira LAS, kuma a gwajin ɓeraye ana bukatar kimanin giram 1 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki kafin rabinsu su mutu, wanda adadi ne mai yawa ƙwarai. Abin da ake fara gani shi ne zawo da kasala, gashin dabbar ya mimmiƙe, ta koma gefen keji ta ƙi cin abinci, idan aka buɗe cikinta kuma a tarar fatar tumbi ta yi ja. Alamun wahalar hanta da ƙoda sukan bayyana ne bayan an ɗauki makonni ana ɗura mata kullum. Sannan ɓera ba ya iya amai ko kaɗan, saboda haka duk abin da aka ɗura masa yana nan cikinsa.

A ganina lasa ɗaya ba ta kai wannan ba. Ki kuskure wa ɗan naki baki, ki ba shi ruwa kaɗan, amma kada ki sa shi amai ko ki ɗura masa manja, domin kumfar na iya faɗawa huhu. Idan ya fara tari, ko dalalar da miyau, ko numfashi da ƙyar, ki garzaya da shi asibiti tare da ledar sabulun.