Ta koma jiƙa wando da rana: famfas zan saya ko magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana da shekara shida, kuma tun tana shekara uku ta daina fitsari a wando, amma makonni biyu ke nan kusan kullum sai ta dawo daga makaranta a jiƙe, wani lokacin ma a gida tana cikin wasa. Mai kemis na unguwarmu ya ce sanyi ne, in sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta, kakarta kuma ta ce a jiƙa mata sassaƙe, ni kuwa ina tunanin sayen famfas na manyan yara saboda kunyar makaranta. Kuɗin hannuna ba su da yawa, da wanne zan fara?
Wata uwa daga Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Shawarata ita ce kada ki sayi ko ɗaya daga cikin ukun tukuna, ki kai kuɗin asibiti a yi mata gwajin fitsari. Yaron da ya shekara uku yana riƙe fitsarinsa sannan abin ya kwance masa rana ɗaya, ba mantuwa ya yi ba kuma ba iskanci ba ne, akwai abin da ya canza a jikinsa ko a rayuwarsa, kuma gwajin nan shi ne hanya mafi sauƙin kuɗi ta gano abin.

Mai yiwuwa mai kemis ya canka daidai, domin shigar ƙwayoyin cuta mafitsara na daga cikin manyan dalilan wannan matsala, musamman ga 'yan mata, waɗanda hanyar fitsarinsu gajera ce kuma tana kusa da dubura. Alamominsa su ne zafi wajen fitsari, yawan zuwa ana yin kaɗan-kaɗan, wari, ciwon mara, wani lokacin da zazzaɓi. Amma ko da cutar ce, sayen magani a kemis kafin gwaji yana da illa biyu. Ta farko, da yawa daga cikin ƙwayoyin da ke kawo wannan ciwo sun daina jin magungunan da aka saba sayarwa, irin su Septrin da Ampiclox, saboda yawan shan su barkatai. Ta biyu, idan yarinya ta fara shan magani sannan aka kai fitsarinta ɗakin gwaji, yana iya fitowa kamar ba komai alhali cutar tana nan. Gwajin tsinke da ake tsomawa cikin fitsari yana ba da amsa cikin mintuna, wanda ake shuka ƙwayar cutar a gane maganin da ke kashe ta kuwa yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Ki yi mata tsarki, ki bar farkon fitsarin ya zuba, ki tari na tsakiya a cikin kwalbar da asibiti suka ba ki.

Wannan tsinken yana nuna wasu abubuwa biyu da babu mai kemis ɗin da zai gan su da ido, wato suga da ɓoyayyen jini. Ciwon suga na yara yakan zo da sauri: ƙishirwa mai tsanani, fitsari mai yawa dare da rana, rama duk da cin abinci, da kasala, wasu iyayen ma sukan lura kiyashi na taruwa inda yaron ya yi fitsari. Idan kin ga haka a jikinta, yau za ki kai ta asibiti, ba gobe ba, domin irin wannan ciwon yana iya kayar da yaro cikin kwanaki. Jini a fitsari kuma, musamman wanda ke ɗigowa a ƙarshe, alamar tsargiya ce, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a kududdufi da rafi da hanyoyin ruwan noman rani irin na Bakolori a jiharku. Maganinta shi ne praziquantel, kuma gwargwadon nauyin yaro ko tsawonsa ake ba da shi. In kuma tana da sikila, ki gaya wa likita tun farko, domin ƙodar masu sikila ba ta iya riƙe ruwa a jiki sosai, shi ya sa suke yin fitsari da yawa.

Akwai dalilin da iyaye suka fi tsallakewa, kuma ina so ki tsaya a kansa: taurin bayan gida. Ƙarshen hanji yana bayan mafitsara ne, idan kashi ya taru ya yi tauri sai ya danne ta, ta kasa ɗaukar fitsari kamar da, ta riƙa matsewa ba shiri. Uwar da 'yarta ta girma tana zagayawa ita kaɗai ba ta cika sanin yadda take yi ba, don haka ki lura da ita na kwana kaɗan. In tana yin kwana biyu ko uku ba ta je ba, ko tana yunƙuri da kuka, ko kashin yana fita ƙwaya-ƙwaya kamar na akuya, to ki faɗa wa likita. Ruwa isasshe, gwanda, mangwaro, lemo, wake, zogale da miyar ganye suna taimakawa, amma idan abin ya daɗe sai an haɗa da maganin tausasa kashi na tsawon lokaci.

Batun sassaƙe kuwa, ki lallaɓa Hajiya cikin girmamawa ta yi haƙuri har sakamako ya fito, domin ba a san ƙarfin abin da ke cikin jiƙon ba, kuma ƙodar yaro ba ta da juriyar ta babba. Famfas ba na ba da shawararsa sai don doguwar tafiya. Yana cin kuɗi kullum, yana riƙe damshi a jiki, kuma yarinya mai shekara shida za ta fi jin kunyarsa idan ƙawayenta suka gane. Ki sayi ƙarin wanduna na auduga, ki sa mata ɗaya da leda a jakar makaranta, ki kuma koya mata yin tsarki daga gaba zuwa baya.

Tambaya: Ɗana mai shekara bakwai ya fara irin wannan tun da muka canza masa makaranta. An yi gwaji ba a ga komai ba. Wani abokina ya ce akwai ƙwayar hana fitsari da kuma wata na'ura mai ƙararrawa. In saya?
Wani uba daga Maraɗi

Amsa: Malam, na'urar ƙararrawa da ƙwayar rage fitsari da ake kira desmopressin duk ana amfani da su ne don fitsarin kwance na dare, ba za su yi wa ɗanka amfani da rana ba. Wata ƙwayar da ake kira imipramine kuwa tana iya taɓa zuciyar yaro har ta kashe shi idan ya sha fiye da ƙima, don haka kada ta shigo gidanka sai da takardar likita.

Tunda abin ya zo tare da sabuwar makaranta, ka je ka ga makewayinsu da idonka. Yara da yawa suna danne fitsari tun safe har a tashi saboda ƙazantar wurin, ko rashin ruwa da ƙofa, ko tsoron neman izini wajen malami mai bulala, har mafitsara ta cika ta fi ƙarfinsu. Ka roƙi malaminsa a keɓe ya riƙa barin sa ya fita, a gida kuma a tuna masa ya je duk bayan awa biyu zuwa uku ko bai ji ya matsu ba. Kada a rage masa ruwa, amma a rage shayi da lemon kwalba mai kola.

Sannan ka zauna da shi ku biyu, ba a gaban 'yan'uwansa ba, ka tambaye shi cikin taushin murya ko akwai wanda ke dukansa, ko tsoratar da shi, ko taɓa shi inda bai kamata ba. Duka da gori da yi masa waƙar amalala suna ƙara tsoro ne, tsoro kuma yana ƙara matsalar. In ka ga ƙafarsa ta raunana, ko tafiyarsa ta canza, ko yana kukan ciwon baya, ko kashi ma yana kufce masa, ka mayar da shi wurin likitan yara nan take. Haka nan idan wata guda ya wuce ana bin wannan tsari ba a ga sauƙi ba.