Batun kwanon maƙwabta da kinka tambaya

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na ga saƙonki tun shekaranjiya ban samu zama ba sai yanzu, ƙafar nan ce ta taso ni gaba, kuma wayar ma sai da anka kai ta caji. Ya gida ya maigidan naki, ya baƙunta? Allah ya sa kun shiga a sa'a.

Kin ce satin da kunka koma sabon gidanku na Damba maƙwabciyarki ta aiko miki da dambu a kula, kun ci kin wanke kular tas kin ba yaro ya mayar da saƙon godiya, da uwar mijinki ta ji tace kin yi abin kunya ba a mayar da kwano wayam, shi ne kike tambaya wai da gaske al'ada ce ko dai Hajiya ce ke neman ki da magana. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Hajiya ba ta neman ki da magana, gaskiya ta faɗa miki, sai dai rabi ta faɗa. Sauran rabin bari in ba ki yadda na gan shi da idona, don ni ce 'yar aiken gidanmu, kaina har ya yi kanta wurin ɗaukar kwanukan mutane.

Ke kin tashi kin iske Gusau babban birnin jiha, to wannan sai 1996 da anka cire Zamfara daga Sakkwato. Mu Gusau da munka sani garin auduga ne da gyaɗa da jirgin ƙasa. Kakanki a reluwe yake aiki, layin dogon nan da ya taso daga Zariya ya ratso Funtuwa ya bi ta nan ya ƙare a Ƙaura Namoda, tun 1929 yake, kuma shi ya jawo mutane ta ko'ina, daga baya ga masaƙa ta zo ta ƙara. Gidanmu na can bakin Tudun Wada, lokacin kusan ƙarshen gari kenan, in kika leƙa bayan katangarmu karan dawa za ki gani. Layin namu bai fi gida takwas ba amma ba yaren da babu. Dama da mu Bakatsine ne mai awon auduga da matansa biyu, hagu wata Bayarabiya da kowa ke ce ma Iya, tana da keken ɗinki tana kuma soya ƙosai da safe, gaba kaɗan Bazabarme ɗan garuwa, sai gidan liman, sai wani Ibo abokin aikin kakanki da matarsa da 'ya'yansu uku.

Matan Hausawan duk suna kulle, to mu yara mu ne wayar salular lokacin. Tun da asuba Inna za ta miƙo min kasko tace je ki gidan Iya ki ɗebo wuta, don ita ke riga kowa hura murhu saboda ƙosanta, in dawo ina hura garwashin a hanya kar ya mutu. Kafin hantsi na je aron rariya, na kai turmi, na karɓo gishiri a tafin hannu. Katangar da ke tsakaninmu da gidan Bakatsinen gajera ce kuma akwai wata kafa a jikinta daidai wurin murhu, ta nan ake miƙa ludayin miya, ta nan ake gulma kuma, Allah ya yafe musu. In anka yi magariba maza su shimfiɗa tabarma ƙofar gidan liman, kowane gida a fito da akushi ko langa, a haɗa a ci tare, ita ce ciyayya. Mai tuwon shinkafa da mai tuwon dawa miyar kuka hannu ɗaya suke sawa, kuma duk baƙon da jirgi ya sauke dare ya yi masa nan zai ci. Mu kuma muna dandali muna gaɗa in akwai farin wata, babanki da tsaransa suna langa suna ƙuje gwiwa, shi fa babanki ragon langa ne, kar ki bari ya gaya miki wani abu daban.

To kwanon mata shi ke bi ta bayan fage, kuma shi ne kike tambaya a kai. E, ba a mayar da shi wayam. Amma abin da ake sakawa ciki ba biyan abincin ba ne. Ɗan abu ne: goro biyu, ƙullin daddawa, ƙwai uku in kajinki na yi, ashana, guntun sabulu, busasshen sure ko kuɓewa. Shi kuma yaron da ya kawo a ba shi tukuici, kwabo ko taro, in babu ko ƙuli-ƙuli ne. Ni da tukuicin nan nake sayen alewa, har asusun ƙasa gare ni, ranar da anka canza kuɗi a 1973 anka daina sule da sisi anka koma naira da kobo sai da na fasa shi a kai min canji, duk da lokacin na zama budurwa.

Abin da Hajiya ba ta gaya miki ba shi ne akwai abin da ya fi mayar da kwano wayam muni, kuma ni na taɓa yin sa. Ina da shekara goma haka, Inna ta tafi suna, sai ga ɗiyar Iya da alale guda huɗu a samira. Ni sarkin iyayi na san dai ba a mayar da kwano wayam, sai na juye alalen na buɗe tukunyarmu na cika samirar nan taf da shinkafa da wake har da naman da anka ajiye ma kakanki, na ba yarinya a take. Da Inna ta dawo na gaya mata ina jiran yabo, ba ta ce komi ba sai da ta aje mayafi, sannan ta kama kunnena tace ciniki kuke yi da ita? Ta ba ki huɗu kin ba ta goma a tsaye, kin ce mata kenan ga kayanki ba mu son bashinki, kuma kin nuna mata tukunyarmu ta fi tata. Daren nan sai da Inna ta saka mayafi ta tafi da kanta ta ba Iya haƙuri, Iya na ta dariya tana cewa yaro ne yaro ne da Hausarta. Tun ranar na gane kwano ana barin shi ya kwana. Gobe ko jibi in kin yi wani abu mai ɗan daɗi sai ki zuba daidai misali ki aika, ko ki sa ɗan abin da na lissafa miki. Ba a so lissafin ya tashi daidai, so ake kullum a ce akwai saura tsakaninku, don ranar da kunka yi raba-daidai to ba abin da zai sake kai ɗiyanki gidanta.

Amfaninsa na gaske kuwa ban gan shi ba sai shekarar fari, 1973 ɗin nan dai. Hatsi ya yi tsada, mutanen ƙauye da na Nijar suna ta shigowa gari, Bazabarmen nan ga 'yan'uwa sun sauka masa ga shi ciwon baya ya kwantar da shi ba ya iya ɗaukar garwa. Matarsa mace ce mai kunya, ko za ta mutu ba za ta roƙa ba. Inna ba ta shiga gidan ba, hayaƙi kawai take kallo, in la'asar ta yi ba ta ga hayaƙi ya tashi ta katangarsu ba sai ta ƙara ruwa a miya ta ƙara gari a tukunya. Ta kwashe malmala biyar ta rufe da faifai tace kai mata, ki ce in ji ni ta ɗanɗana min miyar nan ta ji ko gishiri ya yi. Malmala biyar fa, wai ɗanɗane. Ina shiga na iske yaran zaune jugum a tabarma, murhu sanyi ƙalau har kaza ta kwanta a cikin tokar. Matar ta karɓa ba ta kalle ni ba tace a ce ma Inna gishiri ya yi. Washegari kwanon ya dawo an wanke shi da toka yana ƙyalli, a ciki goruba uku. Inna ta ɗauki gorubar nan ta yi ta juyawa tana cewa kai amma matar nan ta san ina son goruba, ta sa na koma na yi godiya. Ita da haƙoranta ma ba sa iya goruba, mu munka gwigwiye. Haka anka yi ta yi har kaka, kuma har matar nan ta bar unguwar ba wanda ya taɓa cewa an ciyar da ita, ita ma ba ta taɓa sunkuyar da kai gaban Inna ba, ai musaya suke yi. Liman ya sha faɗa mana hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ma Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya kula da maƙwabtansa, da wanda ya ce kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne. Inna ba ta yi karatu mai zurfi ba amma da aka karanta sai tace ashe abin da muke yi ne.

Akwai inda kwano ke komawa wayam kuma ba laifi, kar ki je ki yi irin nawa iyayin. Gidan rasuwa, kwana ukun nan da maƙwabta ke dafa musu, ba a saka komi, wanda ya saka ma sai a yi mamakinsa. Mai jego da anka kai ma kunun kanwa ko farfesu, da marar lafiya, da amarya a kwanakinta na farko, duk wanke kwano kawai ake yi a yi addu'a. Na azumi da tuwon sallah kuma dama kowa na aika ma kowa, kwanuka na ta gilmayya har a rikice, Inna da jan fenti take ɗiga ma gindin nata don ta gane su. Ke kuwa ba amarya ba ce yanzu, shekararki biyu da aure, shi ya sa Hajiya ta yi magana.

Kwano ɗaya ne na san bai koma ba a gidanmu. Matar Ibon nan ta aiko mana da dafaffiyar doya da manja a wata langa mai shuɗin fure, a 1966 ne ina 'yar shekara takwas. Inna tace a bari jibi za ta yi masa ta zuba mata don yaranta na son masa da zuma. Kafin jibin gari ya rikice, tashin hankalin nan da kuke karantawa a littafi. Kakanki da liman sunka shigo da su gidanmu da dare, sunka kwana biyu a ɗakin Inna an tura buhunan dawa bakin ƙofa, an hana mu fita ko ɗebo wuta, sannan anka san yadda anka yi anka fitar da su sunka tafi ƙasarsu. Ba wanda ya tuna da langa. Inna ta wanke ta ta ɗora can saman jerenta, ba a ci a ciki ba a ara. Da anka gama yaƙi a 1970 Ibo sunka fara dawowa Sabon Gari, duk wanda kakanki ya gani sai ya tambaya, ba labari. In munka ce Inna a ba mu langar nan mu zuba wani abu sai tace ba tawa ba ce, da masar mutane a kaina. Da ta rasu anka zo rabon kaya ba wanda ya iya sa ta cikin gado, tana nan wurina cikin kabad, gefen ya ɗan ɓantare, in kin zo ki tuna min in nuna miki.

Na san zamani ya canza, yanzu kowa ya ja katanga har sama ya sa get da waya, abinci ya yi tsada, wasu kuma tsoron sammu ya hana su cin na maƙwabta, ni dai shekarata talatin da biyar ina koyarwa a firamare ina cin abincin iyayen yara ban ga abin da ya same ni ba sai ƙiba. Matar da ta fara aiko miki ba ta san ki ba ta yi abin da ya dace, kar ki bari ta ɗauka ke mai girman kai ce.

Abin da za ki yi mai sauƙi ne. Kar ki aika da ban haƙuri, zai zama magana. Ran Juma'a ki yi hoce ko masa, wanda kinka fi iyawa, in ce dai babarki ta koya miki, ki zuba a taki kular madaidaiciya ba babbar nan ta gara ba, ki aika da hantsi. Bayan la'asar ki tambayi maigidanki ki shiga da kanki ku gaisa, ki riƙe 'yar alewa saboda yara, kar ki daɗe kuma kar ki zauna kallon kayan ɗakinta. Ki ɗiba ma Hajiya nata ki kai mata ba sai kin ce komi ba, za ta gane. Kuma kin ce min akwai kango a bayanku da mutanen ƙauye da 'yan bindiga sunka koro suke zaune ciki, to ki riƙa duba ko hayaƙi na tashi, su in kin aika ki aika a kwanon da ba ki damu da shi ba, in sun sako miki ko ɗanyen kuɓewa biyu ne ki karɓa ki yi godiya sosai.

Ki gaida maigidan da Hajiya. In za ki zo ki taho min da man zafin nan irin na wancan karon, wanda babanki ya kawo ba ya komi.

Gwaggonki.