Ga ƙanena mai bak A4 da kawu ya ce ya koma D

Ƙanena, saƙon muryarka ya iso ni ƙarfe biyu na dare, minti tara cur. Kai ne na huɗu daga Tawa da ya aiko mini da irin wannan tambaya tun da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito, don haka zan amsa a fili kowa ya karanta, in huta. Ka ce ka ci bak A4, na adabi da harsuna, kawu ya ce wannan bak ɗin surutu ne, ka koma ka sake zama a D, na lissafi da kimiyya, sannan ni in nemo maka makaranta a Faransa.

Bari in fara kashe maka jiki. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, inda za ka kai takardun biza ma aiki ne. In ka samu hanyar, sai ka nuna kana da kuɗin zama na kowane wata, a 2024 yuro 615 ne, sama da jaka 400 ke nan a sefa. A 2019 aka ɗaga kuɗin rajista ga wanda ba ɗan Turai ba zuwa yuro 2,770 a lisans da 3,770 a masta, ko da yake wasu jami'o'i suna yafewa. Aikin da aka yarje wa ɗalibi bai wuce awa 964 a shekara ba. Da mai A da mai D duk wannan lissafi ɗaya suke biya.

Kawu kuma ba duka ya yi kuskure ba. Bursun ƙasashen waje, wato tallafin karatu, sun fi karkata ga likitanci, injiniyanci, noma da kwamfuta. Mai A da ya zo nan Faransa karatun adabi ko shari'a yana gasa ne da yaran da suka sha faransanci a nono. Na ga masu masta a ilimin zamantakewa suna gadin kanti. Amma na ga masu D suna wanke kwanuka, kuma ba labari aka ba ni ba.

D na yi, da girman kai na yi ta. A lise 'yan hira muke ce wa 'yan A. In malamin falsafa ya shigo, takardar lissafi na ƙarƙashin tebur. Na zo Lyon karatun ruwa ina jin duniya a tafin hannuna take, kuma gaskiya lissafi bai taɓa kayar da ni ba. Rahoton sitaj, wato koyon aiki, ne ya kayar da ni, shafi arba'in. Malamin ya miƙo mini shi ja wur da biro, ya ce alƙalumana duk daidai ne, amma ba magajin garin da zai karanta wannan rubutu ya fitar da ko sisi. A gaban mutane ya faɗa. Na maimaita shekara, bursu ya yanke, na shiga wanke-wanke a gidan abinci har fatar hannuna ta tsattsage da sanyi. Wasiƙun neman aiki kuwa na aika har na daina ƙirgawa, shiru kake ji. Wata 'yar Mali mai karatun adabi ce ta zaunar da ni kamar ɗan firamare, ta koya mini yadda ake faɗin abu ɗaya a jimla ɗaya. Da kilishin da Inna ke aiko mini na biya ta. Yau ni ke sa hannu a rahoton wasu, kuma ba na jin kunyar cewa na yi alfahari da haka, don ba wanda ya ɗauke ni ya ɗora a wurin.

Wanda ya fi ci mini rai ma a gida ya faru. Mun haɗa kuɗi mu 'yan Adar da ke nan, muka kafa famfo mai aiki da hasken rana a wani ƙauye. Ni na auna zurfi, na auna ƙarfin ruwa, na zaɓi inji, ba inda na yi sake. Bai kai shekara ba ya tsaya. Na zo da kayan gyara, na tarar injin lafiya lau, kwaɗo aka sa wa ɗakin. Filin da muka haƙa na gado ne, gida biyu na ja a kansa. Makiyaya na son shayar da bisashe da safe, mata na son ɗiban ruwa a daidai lokacin, kuɗin da ake tarawa kuma ba a yarda da mai riƙe su ba. Ba ɗaya cikin waɗannan da na tambaya kafin mu haƙa, don a ganina ba aikina ba ne. Wani malamin tarihi na kolej, mai bak A, shi ya kwana uku yana zama da maigari da liman da tsofaffin mata, ya san wa ya auri 'yar wa, ya san wanda ba a gaisawa da shi tun wata tsohuwar shari'ar gona. Shi ya buɗe kwaɗon, ni ina tsaye da sifana a hannu. Da na tsaya na dubi aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, da na gane tun da wuri: mata ne suka yi ta jidar duwatsun nan, don mazan sun tafi biɗa. Wanda bai san wa ke cikin gari da rani ba, tsarinsa a takarda zai ƙare.

In kawu ya sake cewa surutu, ka tambaye shi sunan wa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. Abdou Moumouni masanin kimiyyar fizik ne, ya yi aikinsa kan hasken rana, kuma shi ɗin ne a 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harsunansu. Jami'ar Tawa kuma sunan Djibo Hamani aka sa mata, masanin tarihi. Faransar da muka kwaso wannan rabo daga wurinta ta soke nata rabon na S da ES da L (kimiyya, tattalin arziki, adabi), tun bak na 2021 ɗalibi ke haɗa darussan da yake so. Mu ne muka riƙe kayan aro gam.

Kada ka koma D, sai fa in kana son lissafi don kansa, kuma ni da kai mun san makinka. Za ka ɓata shekara ka fito da D mai rauni, wanda ba bursu ba likitanci. Ka yi rajista a Tawa, akwai shari'a da tattalin arziki da ilimin koyarwa, ko ka tafi Yamai. Amma kada ka yi irin wautata a juye. Ka koyi ƙididdiga, ka koyi Excel har ka gaji, ka koyi Ingilishi, don ƙungiyoyin da ke ɗaukar 'yan A aiki alƙaluma suke tambaya. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kuma wani ne zai zauna ya mayar da takardun asibiti da na kotu da na noma cikinta. Maganar fita waje mu bar ta sai masta.

Ka aiko mini takardar makinka, da shafi ɗaya da ka rubuta da hannunka kan abin da kake son karantawa. Rubutu na ce, kada in ga saƙon murya. Kawu ni zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ka gaida Inna.