Sportster na da da na yanzu ba inji ɗaya ba ne

Malam, ka tambaya ko tsohon babur Sportster na kamfanin Harley-Davidson da aka yi maka tayinsa ɗaya ne da wanda ake ƙerawa yanzu. Suna kawai suka haɗa.

A 1957 kamfanin, da ke Milwaukee a Amurka, ya fito da shi don ya tari baburan Ingila irin su Triumph, masu sauƙin nauyi da gudu. Injinsa na farko, Ironhead, 883cc ne, aka ƙara shi zuwa 1000cc a 1972. Kafin 1975 ma giyarsa a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, wanda ya saba da baburanmu sai ya rikice. Ga ɗigar baƙin mai, duk inda ka ajiye shi sai ya bar maka tabo a ƙasa.

A ganina 1986 ce shekarar da ya gyaru, da aka sa injin Evolution. Giya biyar ta zo a 1991. A 2004 aka ɗora injin a kan roba, don kafin nan jijjigarsa har madubi ba ya nuna komai sosai. A 2007 aka bar kafireta.

Sportster S na 2021 kuwa wani babur ne daban, 1250cc, mai lagireto.

To ka duba shekarar wanda aka nuna maka tukuna. In na kafin 1986 ne, kada ka biya sai ka sami bakaniken da ya san shi da kuma inda za ka riƙa samun kayan gyara. Ni dai da zan saya, daga 2004 zan fara dubawa.