Likita Ya Amsa: Rashin Kuɗi da Sankarar Mama

Daga Agege: Likita, na ji ƙullutu a nonona na hagu, amma ba ya ciwo. Maigidana ya ce mu bari kasuwa ta buɗe tukuna.

'Yar'uwa, kada ki jira. Sankarar mama a farkonta yawanci ba ta ciwo, shi ya sa take yaudarar mutane. Galibin ƙullutu ba sankara ba ne, amma taɓawa da hannu ba ta tantancewa. Ki je asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja. In ba ki kai shekara 40 ba, da sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ake fara dubawa. In kin haura, hoton mamogram, wato hoton X-ray na nono. In an yi shakka, sai a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Allurar ba ta yaɗa cutar, duk da abin da ake faɗa a unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a kammala binciken cikin kwana 60.

Daga Obalende: Wai masu kuɗi kaɗai ke warkewa?

A'a, amma tazarar tana nan. Alƙaluman hukumar sun nuna a ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 na raye shekara 5 bayan gano cutar, a Afirka ta Kudu kuwa kusan kashi 40. Mai ƙaramin ƙarfi sai ta zaga kemis da mai maganin gargajiya, ta iso asibiti nono ya fashe yana zubar da ruwa. Wannan jinkirin ne ke kashe mata, kuma yana ci mini rai.

Daga Mile 12: An yi wa mahaifiyata kemo sau uku, kuɗi ya ƙare. Mu dakata?

Allah Ya ba Mama lafiya. Yawanci bayan kowane mako uku ake yin kemo, wato ƙarin ruwan maganin kashe ƙwayoyin sankara, sau shida zuwa takwas. An tsara tazarar ne don jini ya farfaɗo kafin sankarar ta sake ƙarfi. In aka tsallake watanni, ƙullutun da ya fara motsewa sai ya dawo. Ka gaya wa likitanta gaskiyar aljihunku a makon nan, ka nemi ganin jami'an jin ƙai na asibitin, ka kuma tambayi abin da inshorar lafiya ta Ilera Eko ta jihar Legas ko NHIA ta gwamnatin tarayya za ta ɗauka. Ka tabbata an yi gwajin ER, PR da HER2, masu nuna irin maganin da sankarar za ta ji, a kan naman da aka ɗeba. In gwajin ya nuna akwai ER, akwai ƙwayar tamoxifen, miligiram 20 kullum tsawon shekara 5 aƙalla, mai sauƙin kuɗi. Likita ne zai ce ta fara, kuma ba ta maye gurbin kemo ko tiyata.